Wa ke tayar da dala, 'yan Wapa ko Abuja?

Alhaji Mai Shadda: Ni fa a faɗi gaskiya, 'yan canjin Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano, su ne matsalarmu. Da hantsi a ba ka farashi, kafin La'asar an ƙara naira hamsin. Jirgin dala ne ya nutse a tsakani?

Ɗan Wapa: Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Mu ma a tsorace muke. A Yulin 2021 aka wayi gari Babban Bankin Najeriya (CBN) ya daina sayar mana da dala. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, farashin dala na gwamnati ya tashi daga naira 460 da 'yan kai ya haura 700 cikin kwanaki. Wanda bai san nawa zai sayo gobe ba, yaya zai sayar yau da araha?

Alhaji Mai Shadda: Tsoron da kullum riba yake haifa muku!

Hajiya Mai Atamfa: A'a Alhaji, nan kam ban bi ka ba. Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900, kowa a kasuwar Kantin Kwari na cewa za ta kai dubu biyu. Na kwashe kuɗin shago na saya, na tura Sin. Kayana na kan ruwa, a Afrilu ta sauko wajen 1,100 da wani abu. Maƙwabcina da ya yi jinkiri ya karya farashi, ni ina kallon dila kamar gawa. Yaron da ya sayar min ma ya riƙe tasa, jarinsa ya karye.

Malam Na Fagge: Abin da ya ci Hajiya ke nan. In ba a san inda gwamnati ta dosa ba, mai dala ya ɓoye, mai buƙatar ta wata uku nan gaba ya rugo yau. Kasuwa ta ƙafe, ciniki kaɗan ya girgiza farashi. Ku tuna canjin takardun naira: wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka mayar 10 ga Fabrairu, sannan Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin na nan. Bayan wannan wa zai aminta da sanarwa?

Alhaji Mai Shadda: To Malam, lasisin 'yan canji sama da 4,000 da CBN ya soke a Maris ɗin 2024 fa? Don salla aka soke su?

Ɗan Wapa: Akwai ɓata-gari, ban musa ba. Amma man fetur ke kawo dalar nan, ba mu muke buga ta ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar wannan. Yau nawa take?

Ɗan Wapa: Kira ni, Hajiya. In na rubuta a nan, kafin ki karanta ta motsa.