Wa ya taɓa kallon 1 Litre of Tears, wasan Japan na 2005?

Maman Ihsan:

Assalamu alaikum. Jiya ina kakkaɓe akwatin da na dawo da shi daga makaranta sai na ci karo da faifan nan, duk ya kakkarce. Kwamfutar maigidan ta karanta shi da ƙyar, na zauna kansa har aka kira assalatu.

Ga wanda bai sani ba, tashar Fuji ce ta nuna shi a ƙarshen 2005, kashi 11 ne. Aya 'yar shekara 15 ce, ta shiga babbar sakandare, tana buga ƙwallon kwando, sai ta fara tuntuɓe babu dalili. Likita ya ce ciwo ne da ke cin ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda ke saita tafiya da hannu da harshe. Ba shi da magani, kuma hankali yana nan garau, mutum yana ji yana gani jikinsa ke sulalewa. Babanta awara yake yi yana sayarwa a shagon da ke jikin gidansu. Eh, awara dai, ta waken suya.

Lokacin da muka kalla a ɗakin kwana, mu shida kan katifa ɗaya, Haruto muke jira ya fito, ɗan ajin Aya mai ɗaure fuska. A wannan karon ko ta kansa ban bi ba, uwar nake kallo. Ranar da Aya ta faɗi a hanya ta fasa haɓa, kowa kan jinin yake, ita kuwa uwar abin da ta lura shi ne tafin hannun yarinyar babu ko ƙwarzane, wato ba ta kai hannu ta kare fuska ba. Nan na dakatar da faifan. Na yi jinyar Babanmu wata goma sha huɗu, kuma Hajiyarmu ce ta fara cewa ba lafiya ba, don kawai ta ga ya koma ɗaukar buta da hannu biyu. Mu dariya muka yi mata.

Tambayata biyu. Wa ya fi tsaya muku a rai a gidan nan? Sannan ƙanwata ta ce in kai wa Hajiya ta kalla, ni kuma gabana na faɗuwa, shekara biyu ke nan da rasuwar Baba.

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni Ako ce ta fi tsaya min, ƙanwar Aya mai tsiwa da ke ganin an fifita yayarta. Wurin da ƙaninsu Hiroki ya ji kunyar Aya ta zo kallon ƙwallonsa saboda abokai suna kwaikwayon tafiyarta, Ako ta jawo shi har gida tana kuka tana zazzaga masa, wannan ya fi min duk soyayyar da ke ciki. Duk gidan da aka daɗe ana jinya akwai Ako, wadda aka manta da ita saboda ita lafiyarta lau. A gidanmu ni ne.

Anti Nas:

'Yar'uwa, kar ki kai wa Hajiya. Ke kin zaɓi ki kalla, kina da maɓallin tsayarwa a hannu. Ita fa kara za ta yi miki ta zauna har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta kwana ba barci. Wajen ƙarshen wasan kusan duk gadon asibiti ne, da shaƙewa wajen cin abinci, da allon haruffa da Aya ke nunawa da yatsa bayan magana ta ɗauke. Wanda ya riƙe cokali yana jira majinyaci ya haɗiye ba ya bukatar a nuna masa.

Amma sun yi ƙoƙari a kan ciwon, ba irin wanda ake kwanciya da hoda a fuska a yi tari biyu a cika ba. Tuntuɓe, sai keken guragu, sai rubutu ya karkace, bi da bi. Abin da ya bambanta da namu, can akwai inshorar lafiya ta ƙasa, ba ka ganin uba tsaye bakin tagar biyan kuɗi da takardar gwaji yana buga waya gidan 'yan'uwa.

Ɗan Birni:

Ku yi haƙuri, ni fa gani nake an cika matsa wa mutum sai ya yi kuka, kiɗa ya tashi, a matso da kyamara kan ido. Kuma Haruto ƙirƙira ce, babu shi a rayuwarta. Aya Kito ta gaske an haife ta 1962, ta rasu 1988 tana da shekara 25, littafin da take rubuta kwanakinta ya fito 1986 tana raye. Masu shirya wasan ne suka dawo da labarin zamanin wayar hannu, suka sauya sunan gidan zuwa Ikeuchi. Abin da ya karya ni shi ne hotunanta na ainihi da ake sawa a ƙarshen kowane kashi. Erika Sawajiri da ta fito a matsayin Aya ta iya wasa, amma da hoton yarinyar nan ya fito tana murmushi a kan kekenta sai in kasa kallon allon.

Maman Ihsan:

Na gode. Anti Nas, na ji, faifan ya koma akwati. Abu Sadik, ka sa na tuna autarmu, ita ta rubuta jarrabawar fita sakandare a tsakiyar jinyar nan, babu wanda ya tambaye ta yadda ta kaya. Yanzu na kira ta, ta ce me ya faru, Yaya, na ce ba komai, awara nake marmari, ta zo ranar Asabar mu soya.