Kullutu a nonon mai shayarwa, hoto bai nuna komai ba

Salamu alaikum likitoci, muna neman shawara daga Damagaram.

Mace ce mai shekara 41, da goyon wata 7. Nonon hagu na da kullutu wajen santimita 3, mai tauri, ba ya motsi, ba ciwo, ga kaluluwa a hammata. An zaci ƙurji ne, ta sha magani kwana 14, bai saɓe ba. Fatar ma ta koma kamar ɓawon lemu. Mamogarafi, wato hoton nono na asibiti, ya fito fari fat, da yake nono mai ruwa kan ɓoye kullutu.

A tatse a sake hoton ne, ko a yi ekogarafi (irin hoton da ake duba mai juna biyu da shi), ko a ɗebi tsoka da allura kai tsaye don a gwada? Yamai, inda za a tura ta, da nisa, maigidanta kuma ya ce sai an yaye. Jiran nan bai kwanta mana ba.