Murhun 'Yantattu

Ɗan Zazzau:
Ga zanen Thomas Nast da mujallar Harper's Weekly ta Amurka ta buga a Janairun 1863, watan da shugaban ƙasa Lincoln ya shelanta 'yanta bayi. Bismillah.

Ku dubi tsakiyar zanen, 'yan'uwa,
Iyali gaban murhu suna hutawa,
Uba ya ɗora ɗansa bisa gwiwa.
Hagu kasuwar bayi, ana tayawa,
Karnuka na bin sawun masu tserewa.
Dama makaranta, yara na nufowa,
Ga ma'aikata, ladansu ake ƙirgawa.

'Yar Katsina:
Yaya, zanen ya sosa min zuciya,
Amma ina uwar da aka raba da ɗiya,
Aka sai da ita tun ba ta fara tafiya?
Miliyan 4 aka 'yanta gaba ɗaya,
Nawa suka taru a murhu ɗaya?
A jaridar Christian Recorder ta Filadelfiya
Shekara da shekaru suna buga cigiya,
Ba adireshi, sai sunan tsohuwar uwargijiya,
A roƙi limaman coci su karanta wa mabiya.

Dattijon Maraɗi:
'Yata, Allah ya yi albarka, ki saurare:
Dokar Kudancin Amurka ba ta san bawa da aure,
Ɗan baiwa dukiya ne, kamar dabba a ɗaure,
Bashi ya kama ubangida, a sai da su a warware.
Shi ya sa mai zane ya zaunar da su tare,
Don Baturen Arewa ya ga ɗan'uwa, ba bare.
A 1865 kuwa, da yaƙin basasa ya ƙare,
Har masu jikoki suka zo a rubuta musu aure.

Ɗan Zazzau:
Baba, ai murhu ba ya ci sai da gona.
Janar Sherman ya yanka wa 'yantattu eka 40-40 a gaɓar Karolina,
Andrew Johnson ya hau mulki ya hana,
Ya mayar wa masu bayi da tsakar rana.
Aka koma noman kashi-mu-raba, bashin bara ya cinye bana.

'Yar Katsina:
Yaya, yaran ma ba su tsira ba.
A jihar Maryland kotu ta kwashe su, ba a tambayi uwa ba,
Wai koyon sana'a gun ubangijin da bai sake su ba.
Iyaye mata suka yi ta ƙara, ba su gaji ba,
Sai 1867 Alƙali Chase ya ce tsarin bai halatta ba,
Ya saki Elizabeth Turner, yarinyar da ba a koya wa karatu ba.
Baba, fage naka ne, ban rufe ba.