Ɗana ya daina faɗin kalmomin da ya iya, in jira ne ko in kai shi a duba?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum iyaye, dan Allah ku taimaka min da shawara don wallahi abin nan ya hana ni barci. Ɗana shekararsa 2 da wata 4, lokacin da yake da shekara ɗaya da 'yan watanni yana cewa mama, baba, ruwa, har ɗaga hannu yake in mutum zai tafi, to tun wajen wata 18 abin ya fara ja baya yanzu ko ɗaya ba ya faɗa. In na kira sunansa sau biyar ba zai waiwayo ba amma da ya ji kiɗan wata talla a talabijin daga ɗaki zai rugo a guje. In yana son abu ba ya nunawa da yatsa sai dai ya kama hannuna ya ja ni ya ɗora a kan abin. Motocinsa na wasa ma ba ya tura su, jera su yake a layi, in yayarsa ta ɗauke ɗaya sai kuka da birgima. Kowa cewa yake ai namiji ne maza ba sa saurin magana, wata kuma ta ce ni na ɓata shi da waya. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya.

Malamar_Yara:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki jira. Jinkirin magana daban, yaro ya iya kalma ya dawo ya rasa ta daban, wannan na biyun ko a wane shekaru ne likita ya kamata ya gani. Yawanci yaro yana amsa sunansa kafin ya cika shekara, zuwa wata 18 yana nuna miki abu da yatsa don kawai ki gani, a shekara 2 kuma yana haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "mama zo". Abubuwan da kika lissafa suna cikin alamun otizim, wanda wasu ke cewa galahanga, amma ba wanda zai iya yanke miki hukunci ta intanet, ni ma ban ce shi ba ne.

Ki fara da gwajin ji, ko da kina ganin yana jin talabijin, don akwai yaran da ke jin wani sauti su kasa jin wani, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Sannan likitan yara, ki tambaye shi M-CHAT-R, tambayoyi 20 ne na tantance alamun otizim da iyaye ke amsawa, an yi shi don yara 'yan wata 16 zuwa 30, kin ga naki yana ciki. Ki ɗauki ɗan bidiyo a waya yana jera motocin da lokacin da kike kiransa, don yara in sun shiga ɗakin likita sai su canza gaba ɗaya.

Baban_Uku:
Hajiya ni maganar "ke kika ɓata shi" ce ta tsaya min a rai, saboda haka aka yi ta faɗa wa matata har ta rame. Wannan zargin tsoho ne, bayan likita Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 masu irin wannan lalura a Amurka a 1943 an daɗe ana cewa wai rashin nuna ƙaunar uwa ne ke kawo ta, daga baya bincike ya rushe maganar, aka gano gado ne ke da babban kaso. Haka maganar cewa wai allurar rigakafin ƙyanda ce ke kawo ta, binciken 1998 da ya tayar da ƙurar, mujallar likitoci ta Lancet da ta buga shi da kanta ta janye shi a 2010, likitan da ya jagoranci binciken ma aka ƙwace lasisinsa.

Namu yana da shekara 3 aka tabbatar, mun ɓata kusan shekara guda muna jiran bakinsa ya buɗe, ita ce shekarar da har yau nake jin ciwonta. Mai koyar da magana ta nuna mana mu zauna a ƙasa daidai fuskarsa, mu shiga wasan da yake yi maimakon mu hana shi, in ya ja mu wajen kofi mu riƙe kofin kusa da bakinmu mu ce "ruwa" mu ɗan dakata. Wata huɗu muna haka ba komai, ranar da ya kalli idon mamansa ya ce "wa" sai da ta fita waje ta yi kuka. Yanzu shekararsa 7 yana makaranta, har yanzu ƙarar injin markaɗe tana sa shi toshe kunne, amma yana faɗin abin da ke damunsa.

Anti_Mai_Jego:
Allah ya ba shi lafiya. Ni dai zan ce wayar ma a rage, ba don ita ta jawo ba, sai don duk awar da ya yi yana kallo awa ce da ba wanda ya yi masa magana. Hukumar lafiya ta duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kar a ba shi kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Kuma dan Allah ki kula da yayar tasa, irin wannan lokacin hankalin gida duk sai ya koma kan ɗaya ita ta yi shiru tana haɗiye nata.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban_Uku na karanta wa mijina naka da ƙarfi, shi da yake cewa mu bari ya kai uku yanzu shi ya ce gobe da safe mu je. Na ɗauki bidiyo biyu ɗazu. Anti kin taɓo inda ban lura ba, jiya yarinyar ta tambaye ni ko ita ce ta sa ƙaninta ya daina magana don tana ƙwace masa mota, daren nan zan zaunar da ita.