Na maƙale a fom ɗin neman rabuwar aure, kuma ba ni da lauya

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku agaza min. Wata 19 ke nan da na bar gidan mijina. Shekara bakwai muka yi, yaranmu biyu, kuma shekara ukun ƙarshe ni na riƙa biyan haya, har firij ɗin gidan da kuɗina aka saya, amma ranar da zan fita ko cokali ban ɗauka ba. Aurenmu na rajista ne, sai kotu ce za ta raba. Kuɗin lauya ya fi ƙarfina, shi ya sa na karɓo fom nake cikewa da kaina. Wurin da aka ce a rubuta ranar rabuwa, nan na tsaya cak. Wata huɗu da fitata na koma, muka yi mako shida, abin ya ƙi, na sake fitowa. Wace rana zan sa? Na goge wurin har takardar ta kusa hujewa. Sannan takardar aurenmu ta asali tana hannunsa.

Hajiya Babba: Ƙanwata, sa ranar farko kawai. Ni a Kanada na yi nawa. Shekara ɗaya ta rabuwa ake buƙata, kuma in kun koma don gwada sulhu bai wuce kwana 90 ba, lissafi ba ya komawa baya. Mako shida ai kwana 42 ne. Takardar aure kuwa, je ofishin da aka yi rajistar su ba ki kwafi mai hatimi. Kada ki roƙe shi komai.

Abu Sadik: Hajiya, a yi haƙuri, ba ta faɗi ƙasar da take ba fa. In Najeriya ce, dokar shari'ar aure ta 1970 ta ce rabuwar shekara biyu a jere in mijin bai ƙi ba, uku in ya ƙi, kuma Babbar Kotu ake zuwa. Wata 19 bai kai ba. In Ingila ce, tun Afrilun 2022 ba a ma neman ku rabu tukuna, sai dai jiran mako 20 kafin hukuncin farko. 'Yar'uwa, ina kike?

Uwar Gida: Wallahi firij ɗin nan ya tuna min da nawa. Keken ɗinkina har yau yana gidansa, ƙanwarsa ke amfani da shi, ina gani a hotunansu na Facebook. Shekara huɗu! Na cike fom da kaina, na bar shafin dukiya babu komai don ina sauri in rabu da shi. Yau ga shi ina cizon yatsa.

Hajiya Babba: Malam, kana tsorata ta a banza. Fom ne, ba jarrabawa ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne isar wa miji da takardu. Ba ke za ki miƙa masa da hannunki ba, wani ne zai kai, ya sa hannu cewa ya kai.

Maman Biyu: Na gode. Amma ni ban san inda yake zaune yanzu ba, ya tashi daga gidan. Kuma masu turo min saƙo suna cewa me ya sa na koma, don yarana na koma, ba don shi ba. Dukiya kuma ba na so, ya riƙe.

Abu Sadik: Ba wanda ya zarge ki. Sai dai fom ɗin nan rantsuwa ake yi a kansa. Ki rubuta komawar da kika yi, da ranakunta, alƙali ya yi nasa lissafin. In kika ɓoye ya zo ya faɗa, ke za ki ji kunya. Rashin adireshi kuma sai kin nemi izinin kotu a isar masa ta wata hanya. Ko zama ɗaya ne ki yi da masu ba da taimakon shari'a kyauta.

Hajiya Babba: Zama ɗaya ya zama goma. Mun san su.

Uwar Gida: Maman Biyu, "ba na so" ɗin nan ni ma na faɗe shi. Kuɗin ciyar da yara fa? Shi ma ya riƙe?

Maman Biyu: Anti, ba za ki gane halinsa ba. Ranar farkon zan sa, gobe zan kai. Wai da baƙin biro ake cikewa ko shuɗi ma ya yi?

Abu Sadik: Har yanzu dai ba ki faɗi ƙasar ba.