Tsohuwar Gundumar Yen Phong ta Biyetnam: Abin da Muka Gani Bayan Masana'antu Sun Shiga Gonakin Shinkafa

Mai buɗe zance, ɗalibin nazarin tattalin arzikin karkara a Hanoi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama ko ya yi aiki a Yen Phong da ke lardin Bac Ninh ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Yankin yana cikin fadamar Jan Kogi a arewacin Biyetnam, yana iyaka da kogin Cau, kuma tun kaka da kakanni shinkafa ake nomawa a can sau biyu a shekara. A 2009 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fara haɗa wayoyin hannu a rukunin masana'antun Yen Phong, daga nan ƙananan kamfanoni masu kai masa kayan haɗi suka biyo baya, saboda wurin yana kan babbar hanya mai lamba 18, kusa da filin jirgin sama na Noi Bai da ke Hanoi. Lardin da a lokacin shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasar wajen faɗin ƙasa ya zama ɗaya daga cikin na gaba wajen fitar da kaya zuwa ƙetare. Wannan kowa yana iya karanta shi. Abin da nake nema shi ne labarin manomin da aka karɓi gonarsa: ina yake yanzu, kuma da me yake ci?

Malamar Turanci da ta koyar a wata cibiyar koyon harshe a Bac Ninh:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni a gidan wani tsohon manomi na kama haya, a wani ƙauye da katangar masana'anta ta zo har bakin gonakinsa. Da aka biya shi diyya, sai ya rushe garken aladu da wurin shanya shinkafa da ke bayan gidansa, ya jera ƙananan ɗakuna na haya, kowanne da gado da famfo da ɗan wurin girki. Maƙwabtansa kusan duk haka suka yi. Masu hayar galibi 'yan mata ne da samari da suka zo daga lardunan tsaunuka na arewa da kuma lardunan Thanh Hoa da Nghe An, kuma sun fi 'yan asalin ƙauyen yawa nesa ba kusa ba. Idan lokacin canjin aiki ya yi, babura da manyan motocin ɗaukar ma'aikata suna cika titi har mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa.

Mai gidan bai taɓa nuna mini cewa yana kewar wahalar noma ba. Ya ce abin da yake samu daga haya a wata ɗaya ya fi abin da gonarsa take ba shi a kaka guda, kuma na yarda da shi, domin gonakin can ƙanana ne ƙwarai, ana auna su da ma'aunin da bai wuce murabba'in mita 360 ba, iyali kuma yana da 'yan kaɗan ne kawai. Amma matarsa ta riƙe ɗan fili guda da ya rage, tana dasa shinkafar da za su ci, ta ce ba za ta yarda ta sayi abin da ta saba nomawa ba. Na fahimci dalilinta a 2021, lokacin da cutar korona ta ɓarke a Bac Ninh da lardin Bac Giang mai maƙwabtaka da shi, aka killace ƙauyuka, aka sa ma'aikata da yawa su kwana a cikin masana'antu su ci a can. Ɗakuna suka zama wayam, wasu masu hayar suka kasa biya, shinkafar wannan baiwar Allah ce ta riƙe gidan har da waɗanda suka maƙale a cikinsa.

Injiniyan ban ruwa da ya je ziyarar koyon aiki:

Malama, labarinki na wanda gidansa ya dace da bakin hanya ne, kuma ina ganin ya kamata a faɗi na sauran. A dokar Biyetnam ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya, gwamnati ce take gudanar da ita, manomi kuwa yana da haƙƙin amfani ne kawai, da takardar shaida mai jan bango. Dokar 1993 ta ba shi shekara 20 a kan gonar shinkafa, ta 2013 ta mayar da shi shekara 50, amma hukuma tana da ikon karɓe filin don aikin raya tattalin arziki ta biya diyya. Wanda ya san dokar filaye ta 1978 a Najeriya, wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, zai gane tsarin nan take.

Manoman da na zauna da su a wani ƙauye mai nisa da titi sun ce an biya su da farashin gona, alhali da zarar an cike filin da yashi an ja masa wuta, darajarsa ta ninka. Kuɗin ya tafi a ginin bene da babur da auren 'ya'ya. Masana'antu kuma matasa suke ɗauka, masu ƙarfin ido da saurin hannu, don haka mutumin da ya haura shekara arba'in ba shi da gona, ba shi da gurbi a layin haɗa kaya. Wasu sun koma gadi, wasu aikin gini, mata kuma sayar da abinci a ƙofar masana'anta. Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin ruwa shi ne magudanun ban ruwa. Idan aka yanke gonaki a tsakiya aka ɗaga filin masana'anta sama, ragowar gonakin da ke gefe sai ruwa ya kwanta musu lokacin damina, ko kuma ya kasa isa gare su lokacin dashe, daga nan masu su su bar su ciyawa ta cinye. Na ga irin waɗannan filaye, kuma ba a biya kowa diyyarsu ba, domin a takarda ba a karɓe su ba.

Ɗan kasuwa mai sayen kayan gyaran waya:

Ranka ya daɗe Injiniya, ban musa abin da ka gani ba, sai dai yaran da nake hulɗa da su ba sa son komawa gona ko da an mayar musu. Wani saurayi da yake yi mini tafinta ɗan manomi ne, ya fara a layin haɗa kaya, ya koyi harshen Koriya da dare, yanzu shi ke shiga tsakanin shugabannin aiki da ma'aikata. Ya gaya mini tsayuwar sa'o'i da aikin dare suna cin jiki, kuma yawancin abokansa suna shirin tara jari ne su bar aikin kafin ƙarfinsu ya ƙare. Duk da haka ƙanwarsa tana jami'a da kuɗinsa.

Malamar Turanci ta ƙara da cewa:

Alhaji, akwai kuma batun iska da ruwa, kuma adalci ne a ce ba manyan masana'antu kaɗai ke da hannu ba. A ƙauyen Man Xa na yankin Van Mon, cikin Yen Phong ɗin, mutane sun daɗe suna narka tsohon alminiyon a cikin gidajensu, tokar ta taru tsibi tsibi a gefen gonaki, kuma a lokacin idan ka bi ta wurin hayaƙin yana kama maƙogwaro. A ƙarshen 2024 hukumomin lardi suka matsa aka rufe tanderun da ke cikin gidaje. Na ji daɗin hakan saboda yaran da nake koyarwa, amma iyayen wasunsu da wannan sana'a suke biyan kuɗin makaranta.

Mai buɗe zance:

Na gode muku ƙwarai. Ga mai neman wurin a taswira, tun ranar 1 ga Yulin 2025 Biyetnam ta soke matakin gunduma, an kuma haɗe Bac Ninh da Bac Giang suka zama lardi ɗaya, don haka manomin da yake da ƙorafi a kan fili yanzu ofishin ƙaramin yankinsa ko na lardi zai nufa. Injiniya, ina so ka ƙara mana bayani a kan gonakin nan da ruwa ya yanke wa hanya: shin ƙungiyar manoman ƙauye ce take da alhakin gyara magudanun, ko masu kula da rukunin masana'antun?