Musayar Waƙa: Wa Ka Riƙa a Labarin Bayajidda?

'Yar Kusugu:
Salamu alaikum. Jiya na gama juzu'in ƙarshe na wani littafin yaƙi da na yi wata biyu ina bi. Jarumin bai dame ni ba, tsohuwar da ta sauke shi ce ta zauna mini a rai. Haka nake da labarin garinmu tun ina yarinya. Kowa ya faɗi gwaninsa, amma da baiti.

Ayana ce tawa a labarin,
Tsohuwa mai bai wa baƙo masauki.
Ya ce mata, Iya, ruwa nake so,
In sha, in ba da saura ga doki.
Ta ce, ɗana, sai ran Juma'a,
Kusugu na hannun maciji Sarki.
Ta ba shi guga tana addu'a,
Kamar kakata in za ni aiki.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Yaya, guga ba ya kisan maciji,
Wuƙar maƙeran Gaya ta yi aiki.
Daga Bagadaza ya ratso Borno,
Da dare ya shigo Daura kan doki.
Ya sare kai, ya koma ya kwanta,
Da safe gari ya cika da mamaki.
Kin bar zaki kin kama tsohuwa,
Wannan ai zaɓen tumun dare kika yi, kaiconki!

Uwar Biyu:
Kai yaro, gwanin da kake yabo,
Matarsa ta fari ina ya bar ta?
Ɗiyar sarkin Borno da tsohon ciki,
A Garun Gabas ya sauke ya bar ta.
Ta haifi Biram, uba na hanya,
Ba shi ya ji zafin naƙudarta.
Maigidana shekara uku a Libiya,
Ni na san abin da ke cikin ranta.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, baitin ya taɓa ni, Allah ya dawo da shi lafiya. Amma "bar ta" sau biyu a amsa-amo aibi ne. Shi kuma na Katsina, Ɗan Ƙofar Sauri, ɗangonsa na ƙarshe ya ɗara 'yan uwansa tsawo nesa ba kusa ba, kari ya karye. Karin da aka hau da farko a tafi da shi har ƙarshe.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Malam ya zo da mudu da tiya,
Yana awon baiti kamar gero.
Shekara guda ba mu ga naka ba,
Ko alƙalamin ne yake jin tsoro?

Na Gobarau:
Sai kai ɗan Ƙofar Sauri! Katsina ta Dikko ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Ƙara masa ɗaya.

Malam Mai Aruli:
Yaro, kafin ka ɗaga mini murya,
Kumayau naku, wa ta haifi ubansa?
Daurama ce, ita ce gwanata,
Tana kan mulki tun kafin zuwansa.
Ta ce rabin gari ga mai kisan nan,
Ya ce aurenta ne muradinsa.
Bawo nata ya haifi sarakai shida,
Katsina rabon guda ce cikin 'ya'yansa.

Na Gobarau:
Malam, ƙirga ɗangonka na ƙarshe da na biyu ka gani. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Kuma masana tarihi da yawa almara suka ɗauki labarin nan.

Malam Mai Aruli:
Ba a ƙirga gaɓa kamar ƙirgar awaki, ana duba doguwa da gajera ne. Rera shi da baki ka ji.

Jikan Magajiya:
Almara? Daura ta Abdu tushen Hausa! Rijiyar tana nan, zo Sallar Gani in kai ka ka sha da bakinka. Tun 1987 jiha ɗaya muke mai sunan garinku, amma jika bai girmi kaka ba.

Na Gobarau:
Na rera. Har yanzu yana ɗingishi.

Autan Zango:
Ku gafarce ni, kwana biyu wayata ba caji. Na karanta duka, ban ga tawa ba.

Ba wanda ya tuna Bagwariya,
Baiwar da aka bayar ba a tambaye ta ba.
Ta haifi Karbagari kafin Bawo,
Gadon gari bai faɗo hannunsa ba.
'Ya'yansa bakwai aka ce da su Banza,
Sunan nan bai taɓa yi mini daɗi ba.
Na tashi gidan da ake raba nama,
Ɗakin innata bai ga tsoka ba.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Auta, wannan ba ni da martaninsa. Na ajiye wuƙar Gaya.

'Yar Kusugu:
Auta, zo ɗakin Ayana ka zauna,
Ita ba ta tambayar wa ya haife ka.
Tabarma ɗaya ce, ta shimfiɗa,
Abin da ke tukunya ta zuba maka.

Malam, na san ɗango na uku gajere ne, a bar mini shi haka. Uwar Biyu, yaushe rabon da ya kira ki?

Uwar Biyu:
Tun ƙaramar sallah, ƙanwata. Ku sa mu a addu'a.